Rasuwar Malam Bi-Layi na Rumfar Rake

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kuma wani ɓacin rai da ya ƙi kwanciya, iyalan Malam Ɗayyabu na Taba suke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kudan da Makarfi da Ikara rasuwar ɗansu, Malam Bi-Layi. Marigayin ya cika ne da hantsi, a rumfar injin matse rake da ke bakin fadama, a gaban jama'a masu ɗimbin yawa. Kusan dukansu sun ci moriyarsa, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya buɗe baki lokacin da ake rufe masa ido.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin ba mutum ba ne, ko da yake ya fi wasu mutanen da muka sani riƙon amana. Wata 'yar manhaja ce da ke zaune cikin tsohuwar laftof ɗin Ɗayyabu, sai dai tun ranar suna aka raɗa masa sunan maza, aka kuma ci gaba da kiransa da shi. Ba shi da hoto, ba shi da launi, ba shi da abin shafawa da yatsa irin na waya. Baƙin allo ne kawai, da sunansa a rubuce a gefen hagu, da wani ɗan farin tsinke yana ƙiftawa, yana jiran a rubuta masa umarni. Ka rubuta, ya amsa, ya koma ya jira.

Aikinsa ɗaya ne tak: riƙe layin matsa. Masu rake a fadamar nan suna da yawa, injin kuwa guda ne, na ƙungiya. Duk wanda ya taɓa dafa mazarƙwaila ya san rake yana jure jira in yana tsaye a gona, amma da zarar an sare shi haƙurinsa ya ƙare. In ya jima a rana ruwansa ya ja baya, ya yi tsami, a dafa shi ya ƙi kamawa a kwano. Saboda haka babu mai sa adda a gonarsa sai ya tabbatar ranarsa ta zo. Kafin a haifi marigayin, da shekaru da faɗin babbar riga ake bin layin. Ƙaramin manomi sai ya sare rakensa, ya kawo, ya tarar wani babba ya tuna cewa shi ma yau yake so, a ce masa ya ƙara haƙuri.

Cikin masu shan wannan haƙuri akwai Yaya Hafiza, yayar Ɗayyabu, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da gonar rake guda ɗaya, kuma abin da gonar nan ta bayar shi ne abincin gidan na shekara. Ɗayyabu ya sha faɗa a taro cewa domin ƙungiya ya gina Bi-Layi. Kowa ya gyaɗa kai, kowa kuma ya san domin kada raken Yaya Hafiza ya sake kwana a ƙasa ya gina shi.

An haifi marigayin a Makarfi, a bayan shagon buga takardu inda Ɗayyabu yake aiki, tsakanin fitar wannan kwastoma da shigowar wancan. Ta wajen uwa ɗan babban gida ne. Uwarsa wani ginshiƙi ne da masu wannan sana'a suka riga suka kafa, suka bar wa jama'a kyauta a intanet, domin duk mai son gina manhaja mai hira ta baƙin allo ya ɗora a kai. Daga gare ta ya gaji kunnen sauraro, da haƙurin komawa ya jira bayan kowace amsa, da iya gaya wa mutum cewa bai gane abin da ya rubuta ba, ba tare da cin fuska ba. Tarbiyya kuwa aikin uba ce. Ɗayyabu ya zauna ya rubuta umarnin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa da abin da zai tambaya da abin da zai mayar, ya ɗaure su a jikin ginshiƙin, kuma duka da Hausa, domin ya ce abin da zai zauna da manoma ba zai zo yana musu Turanci ba. Datar da ya ƙone a kan yaron nan, da abincin ranar da ya sha mantawa, matarsa Khairiyya ce za ta ba da labari, kuma tana bayarwa ko ba a tambaye ta ba. Abokinsa Benson, mai gyaran waya da kwamfuta a Ikara, shi ne ungozoma. Shi ya sa wa laftof ɗin sabon batiri, ya haɗa mata 'yar sola, ya ce yanzu za ta iya wuni a fadama.

Marigayin ya taso da ladabi. In aka kunna shi, ba ya shiga magana sai ya yi gaisuwa: "Sannu da zuwa. Ina gajiya? Me za a yi?" A rubuta masa layi, ya jero sunaye, kowa da ranarsa. A rubuta saka, ya tambayi sunan mai gona da yawan rakensa, ya ba shi gurbi. A rubuta taimako, ya zayyano duk abin da ya iya, ba ya ɓoye komai. Wanda ya fara kalma ya kakare, da ya taɓa madannin nan na gefen hagu sai marigayin ya ƙarasa masa. Wanda ya manta abin da ya ce ɗazu, kibiyar sama ta dawo masa da shi. Yahya mai kula da inji, wanda yatsunsa suka fi sabawa da sifana, ya koye shi da yatsa ɗaya, har ya zama shi ne bakinsa, yana karanta wa waɗanda ba su yi boko ba. Da yamma in an rubuta fita, sai ya ce, "A sauka lafiya," allon ya yi shiru.

Amma halin da ya fi fice da shi, wanda kuma ya zama ajalinsa, shi ne tambaya. Akwai umarnin da ake kira sauya, na musanya ranar wani da ta wani. Duk wanda ya rubuta shi, ko wane ne shi, marigayin ba ya motsi sai ya ce, "Ka tabbata? Mai ranar ya yarda?" Daga nan ya tsaya cak, har sai mai ranar ya zo da ƙafarsa ya sa kalmar sirrinsa. A shekarar farko, saboda wannan tambaya, Yaya Hafiza ta sare rakenta da safe aka matse shi kafin azahar. Mazarƙwailarta ta fito jajawur, ta kama tsaf. Ta aiko wa ƙaninta da kwanon farko, ta ce a gaishe mata da yaron cikin kwamfuta.

Ciwon ajali ya fara ne daga Alhaji Jumare, shugaban ƙungiya, wanda ya fi kowa shekaru, ya fi kowa rake, kuma shi ne mahaifin Khairiyya. Wata rana ya zo rumfa ya sa Yahya ya rubuta masa sauya, a kan wata 'yar musanya da ba ta taka kara ta karya ba. Marigayin ya yi tambayarsa yadda ya saba, Yahya kuma ya karanta ta da ƙarfi yadda ya saba, a gaban samari masu loda rake. Wani a cikinsu ya yi tari mai kama da dariya. Alhaji ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya tafi.

Da yamma saƙo ya iso ta bakin Khairiyya, domin suruki ba ya kiran suruki ya yi masa faɗa baki da baki. Ta ajiye wa mijinta tuwo, ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce tun da ya yi wayo ba a taɓa tambayarsa ko ya tabbata a gaban yara ba, sai da ya ba ka 'ya."

Ɗayyabu mutum ne da ko sunan surukinsa ba ya kamawa. In ya hango shi tafe, tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Tuwon nan bai ciwu ba. Washegari ya ɗauko laftof ya buɗe wa marigayin abin da ya kira ƙofar manya: wata kalmar sirri ta musamman, wadda in aka sa ta babu tambaya, babu jiran mai rana, sai amsa guda. Ya zaɓi amsar da kansa, ya goge ya sake rubutawa har ta yi masa daɗin ji. Kalmar kuwa ya aika wa Alhaji da ita ta bakin Khairiyya. Benson ya gargaɗe shi ta waya cewa ya rushe abin da ya gina da hannunsa, domin duk amfanin yaron a tambayar nan yake. Ɗayyabu ya ce Benson bai san Baba ba, girmamawa kawai yake so, ba zai taɓa amfani da ita ba. Kuma gaskiya Alhaji bai taɓa ta ba har damina ta zo ta wuce. Ciwon ya kwanta a jiki, marigayin yana ta gaisuwarsa kamar lafiya lau.

Bana raken Yaya Hafiza ya yi kyau irin wanda ake tsayawa a hanya a kalla. Da ranarta ta matso, ta zo gidan ƙaninta ta tambaye shi ko ta kira 'yan sara. Ya je rumfa ya duba da idonsa, ya dawo ya ce mata ta sare, ya ƙara da cewa Bi-Layi ba ya ƙarya. Ta sare gonar gaba ɗaya, ba ta bar ko sanda ɗaya a tsaye ba. Amalanke ya yi ta jigila har aka tara shi tsibi guda a gefen rumfa, ana jiran gari ya waye.

A ranar nan ne wani ɗan kasuwa ya sauka a gidan Alhaji Jumare da babbar mota, yana neman mazarƙwaila mai yawa, kuma yana sauri. Ranar Alhaji tana can baya. Bayan la'asar ya zo rumfa, ya zauna a kujerarsa, ya raɗa wa Yahya kalmar manya. Rakensa kuwa ba irin wanda ake gamawa a wuni ba ne, in ya shiga inji sai an yi kwanaki ana abu ɗaya. Marigayin ya ɗauke sunan Yaya Hafiza daga sama ya kai shi ƙarƙashin na Alhaji, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

A nan iyalan suna so su faɗi wata magana mai ɗaci, duk da cewa ba a son ambaton aibun mamaci. Ɗayyabu ya ji ciwon abin da surukinsa ya yi, amma na ɗansa ya fi ƙona shi. Sunan Yaya Hafiza shi ne suna na farko da aka taɓa rubuta wa yaron nan, tun yana koyon magana. Da shi aka gwada kowane umarni. Amma ya ɗauke shi ya jefar ko ƙiftawar tsinken nan bai ƙara ba, har da ladabi. Masu cewa ai abin da aka koya masa ya faɗa, iyalan sun ji, kuma suna roƙon a bar wannan magana sai bayan makoki.

Yahya ne ya kira Ɗayyabu a waya, murya ƙasa-ƙasa. Ɗayyabu ya bar takardun mutane a kan tebur ya hau babur. Kafin magariba yana zaune a rumfa, ya toshe ƙofar manya, ya mayar da tambayar, ya mayar da sunan yayarsa inda yake. Da ya koma gida ya roƙi Khairiyya ta kai wa Baba bayani. Ta ce ta gaji da zama hanya tsakanin maza biyu, wanda ya iya toshe ƙofa ya iya zuwa ya faɗa da bakinsa. Bai je ba. Ya dai tsara maganar da zai yi da safe, mai taushi, mai hujja, ya yi ta maimaita ta a ransa.

Da hantsi masu amalanken Alhaji suka iso suka tarar an ja raken Yaya Hafiza bakin inji. Alhaji ya zauna, ya ce Yahya ya gyara kuskuren. Yahya ya rubuta sauya, ya sa kalmar manya, ba ta ci ba. Wannan karon a hankali ya karanta abin da ya fito, amma rumfar ta yi tsit yadda har na bakin hanya ya ji.

"Ka tabbata? Mai ranar ya yarda?"

Wannan ita ce maganar marigayin ta ƙarshe, kuma iyalan suna shaida cewa ya cika da kyakkyawan ƙarshe. Alhaji ya kalli allon, ya ɗaga kai ya nemi mijin 'yarsa a cikin jama'a har ya same shi. Sannan ya miƙa hannu ya rufe murfin laftof ɗin a hankali, yadda ake shafe idon wanda ya cika.

"Allah ya jiƙan wannan abu," in ji shi. "Da can ma da bakinmu muke layi. Yahya, tayar da inji."

Ilisha yana wurin, wani manomi da bara marigayin ya hana a ci ranarsa. Masu ƙananan gonaki duk suna wurin, waɗanda suka sha cewa yaron nan ya share musu hawaye. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Yahya ya ja igiyar inji. Ɗayyabu kuwa yana durƙushe, takalminsa a gefe, maganar da ya tsara tana nan cikakkiya a ƙirjinsa. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ranka ya daɗe."

Yaya Hafiza tana tsaye kusa da tsibin rakenta, tana kallon samari suna janye shi gefe. Ba ta yi kuka ba, ba ta kalli Alhaji ba. Ta tako har inda ƙaninta yake durƙushe, ta ce, "Ɗayyabu, ni ban san kwamfuta ba. Kai na tambaya, kai ka ce in sare." Ta gyara mayafinta ta kama hanyar gida.

An nemi wani injin a ƙauyukan kusa, amma lokacin matsa ne, kowanne da nasa layin. Da Alhaji ya gama aka zo kan na Yaya Hafiza, ƙudan zuma sun riga kowa sanin abin da ya faru. An matsa, ruwan ya fito kaɗan, yana warin tsami. An dafa kasko guda don a gwada, aka zuba a kwanuka, ya zauna ruwa-ruwa har yamma. Sauran tsibin makiyaya suka kwashe wa shanunsu. Abincin shekarar gidan ke nan.

Benson ya zo daga Ikara ya duba gawar. Ya ce a iya saninsa babu abin da ya karye, batiri lafiya, komai yana inda yake, in aka ɗaga murfin yanzu zai yi gaisuwa. Ɗayyabu ya ce a bar murfin yadda yake, domin abin da aka haifa don a bi maganarsa, in an daina bi, ya mutu ko da allonsa yana haske. Ƙungiya kuma ta zauna ta yanke shawarar komawa tsarin da, saboda zaman lafiya, ta yi wa Ɗayyabu godiya bisa ƙoƙarinsa. Shi ma yana wurin, kuma ya amsa godiyar.

Marigayin ya rasu ya bar mahaifinsa, wanda tun ranar nan yake buga takardun mutane da kurakurai. Ya bar mahaifiyarsa, ginshiƙin nan, tana can a intanet da 'ya'ya bila adadin a duniya, ko labarin ba ta samu ba. Ya bar Khairiyya, wadda yanzu take ajiye abinci ta fita ba tare da ta zauna ba. Ya bar ungozomarsa Benson, wanda ya yi dattako bai ce ai na faɗa ba sai sau ɗaya, a kan babur, yana shirin tafiya. Ya bar ƙani a ciki, wani umarni na rabon ruwan rani da aka fara rubutawa, wanda likita ya ce ba za a haife shi ba. Ya kuma bar marayu da yawa a fadama, waɗanda tun jiya aka fara ce musu su ƙara haƙuri, kuma iyalan ba su da abin ce musu.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, Malam Sama'ila. Ya ce abin da ba shi da rai ba a yi masa wanka ba a yi masa salla, amma bai ga laifin a taru a yi wa masu rai addu'a ba. Saboda haka za a kwashe marigayin daga laftof a zuba shi a filas, 'yar ma'ajiyar nan ta kwamfuta, a naɗe da ƙyallen farin yadi, a binne shi a bayan rumfar inji ranar Alhamis bayan la'asar. Za a zauna karɓar gaisuwa a zauren Malam Ɗayyabu. Ba sai an zo da komai ba, domin Alhaji Jumare ya riga ya aiko da kwando guda na mazarƙwailarsa a raba sadaka, kuma ta kama sosai. Da yake shi ne mafi yawan shekaru, shi aka roƙa ya jagoranci addu'ar, ya kuma amsa. Ɗayyabu ne zai shimfiɗa masa tabarma.

Yaya Hafiza ta aiko cewa ba za ta samu zuwa ba. Masu son yi mata jajen rake suna iya zuwa gidanta kai tsaye, ƙofarta a buɗe take ga kowa. Ta dai roƙi alfarma guda: wanda bai san gidan ba ya tambaya a hanya, kada a sa ƙaninta ya rako shi.